Ɓarawo Mai Gudun Gishiri

"Makullan siton nan uku ne, yarinya. Ɗaya a aljihuna, ɗaya a hannun Ishbel, na ukun a hannun baƙo. To, me kuma kike shinshina a ƙasa?"

"Shekara tara Radek yana gyara maka mota, Murdo. Yau ne ya zama baƙo?"

"Shekara tara! Ina da tunkiyar da ta riga shi zuwa garin nan."

Mutum biyu suka fara dariya, ta mutu musu a baki. Effie Rennie ba ta ɗago ba. Tana tsugune a bakin ƙofa, ta cire safar hannu tana taɓa ƙanƙara da yatsa. Sana'arta ke nan tun tana 'yar shekara goma sha tara, bin sawun barewa a tsaunukan da ke bayan Dalmorie. Yau ce rana ta farko da aka kira ta bin sawun mota.

A cikin tsohon siton ciyawar Murdo, motocin ƙungiyarmu guda goma suna kwance a ƙarƙashin mayafansu, duk tsofaffin motocin gudu na Japan. Haka muke yi kowace shekara. Da zarar hukuma ta fara watsa gishiri a titi don narkar da ƙanƙara, sai mu kwantar da su, ba mai ƙara taka kwalta sai watan Afrilu, domin gishiri na cin ƙasan motocin nan kamar yadda gara ke cin azara. Makullansu duk a allo ɗaya suke rataye saboda tsoron gobara. Gurbi na goma sha ɗaya ne babu komai a cikinsa sai mayafi, an ninke shi tsaf an ɗora a kan benci.

Nan ne makwancin Yuki, farar mota RX-7 ta Struan Baird. Shekara bakwai ya yi yana tayar da ita daga kango. Bazara ɗaya tak ya hau ta, ciwo ya kwantar da shi, muka binne shi a Nuwamba.

Effie ta ja matarsa Ishbel gefe guda. Matar ta rame, rigar sanyin mijinta ce a jikinta, hannuwan sun rufe mata yatsu.

"Kar ki zaci don ina son ta nake neman ta," in ji Ishbel. "Yau mutumin Glasgow da zan sayar wa zai zo ɗauka. So nake in wayi gari babu ita a duniyata."

"Gaskiya ne injin zai cire?"

"Ya cire, ya sa na jirgin ruwa in ya ga dama. Effie, bazararsa ta ƙarshe a ƙarƙashin motar nan ya yi ta. Tafin ƙafarsa na fi gani a kan fuskarsa."

"Wa ya hana ki bayarwa?"

"Wa bai hana ni ba? Radek ne dai ya fi ɗaga murya. Ranar Laraba ya ce min gara ta ɓata da ta faɗa hannun mahauci." Ta juya wajen jama'a. "Ƙarfe uku. In ba ta dawo ba, zan kira 'yan sanda in ba su sunan da kowa ke faɗa."

Torquil, ƙanen marigayin, ya matso ya miƙa wa Effie gorar shayi. Shi ne Effie za ta aura a watan Mayu. Idonsa ja, amma tun Nuwamba haka yake. Ya gyara mata hula, ya tura mata gashi bayan kunne.

"Ƙanƙara za ta dawo da rana," ya ce a hankali. "Kar ki hau tsauni saboda ƙarfe."

"Kai fa, Torquil?" Murdo ya ɗaga murya. "Motar yayanka ce. Me ka ce?"

Torquil ya dubi ƙasa. "A tambayi masu makulli."

Effie ta koma kan abin da ta iya. Ƙanƙara ta daina zuba ƙarfe bakwai na safe, sawun tayoyin kuwa a samanta yake. Sawun ƙafa bai gaya mata komai ba, don duk mazan garin nan takalmin roba iri ɗaya suke saye a shago ɗaya. Amma a ƙofar siton akwai wata baƙar da'ira inda hayaƙin salansa ya narkar da ƙanƙara har ƙasa.

"Ya tsaya ya ɗumama ta," ta ce. "Minti goma sha biyar, ko fiye. Ɓarawon nan ba ya sauri."

* * *

Sawun ya sauka gangare ya bi ta bayan garejin Radek. Murdo, wanda ya biyo ta yana dogara sanda, ya yi tsaki mai daɗi, ya juya ya koma don ya kai labari.

Radek na zaune a kan jarka yana goge fulogi da buroshi. Bai miƙe ba.

"Shigo, Effie. Ke ma motarki kika zo janyewa? Mutum biyu sun riga ki. Ɗaya daga cikinsu birkin motarsa na nan a kan teburina, amma ya ce komai dai, ya fi jin daɗi ta kwana a gida."

"Ka ce wa Ishbel gara motar ta ɓata?"

"Na ce. Gobe ma zan ce. Wayoyin injin nan ni na jera su ɗaya bayan ɗaya, wata huɗu. Sai wani ya zo ya fizge su kamar hanjin kaza?"

"Tsakanin bakwai da tara kana ina?"

"A gida, a sama. Matata Halina na gidan kula da tsofaffi, ba ta tashi aiki ba sai tara. Shaidata kyanwa ce." Ya hura fulogin. "Na ji wucewarta, wajen bakwai da rabi. Kin san muryarta, kamar ƙudan zuma a cikin gwangwani. Ina tsakanin barci da farkawa, sai na ce a raina, ga Struan can zai je sayen burodi. Wallahi har murmushi na yi. Sai da na tuna mun binne shi."

"Me ya sa ba ka faɗa ba?"

"In gaya wa wa? Murdo?" Ya ajiye buroshin. "'Yan sanda ba su dame ni ba. Za su yi tambaya su tafi. Amma bakanike da suna yake cin abinci. In aka kwana ba a sami mai laifi ba, ni ne mai laifi har abada. A nan Halina ta shuka itacen tuffa, Effie. Bara ya fara 'ya'ya."

* * *

Bayan garejin hanya ta rabu biyu. Hagu, minti biyu ka hau babban titi, cikin awa guda kana Perth, ka ɓace. Dama kuwa hanyar masu yankan katako ce, ramuka da duwatsu, ba mai bin ta da motar da cikinta ya kusa taɓa ƙasa.

Sawun ya yi dama.

Effie ta bi shi da ƙafa cikin itatuwa. Sama ta yi nauyi, launin toka, ko tsuntsu ba ya kuka. Tayoyin bazara ne, suna zamewa a kowace kwana, amma direban bai taɓa fusata ba. Duk rami sai ya karkace ya bi ta gefensa. Inda dutse ya leƙo, ya sauka ya ɗauke shi.

A wajen gada hanyar katako ta ratsa babban titi. Taku goma ne kawai na kwalta, jiƙe, fari-fari da gishiri. Babu yadda za a kauce masa. Motar ta tsallaka, ta tsaya a bakin ƙorama. Nan Effie ta daɗe tsaye. An fasa ƙanƙarar bakin ruwa da diddige. Ga zanen gindin bokiti, sau takwas ko tara. Ga ruwa mai datti ya daskare. Sannan ga sawun gwiwoyi biyu a gefen kowace taya, wuri huɗu, masu zurfi. Mutum ya durƙusa cikin wannan sanyi ya wanke mata gishirin taku goma da hannunsa.

Wayarta ta yi ƙara. Murdo ne.

"Kin kama shi?"

"Ba daga waje ya zo ba. Namu ne. Ya guji titi, kuma inda ya taka gishiri ya durƙusa ya wanke."

"Ai na gaya miki!"

"Kai ma namu ne, Murdo. Kai ma da makulli. Da safe kana ina?"

"Ji 'yar nan! Ina cikin tumaki. Ni rabona da durƙuso tun kafin likita ya sa min ƙarfe a gwiwa. Ko a coci an yafe min."

Gaskiya ne. Ta kashe wayar, zuciyarta ta yi nauyi. Abin da ta gano bai wanke Radek ba, igiyar ma ya ƙara ɗaurewa.

Daga ƙorama hanya ta fara hawa. A tsakiyar hawan, inda ya fi tsauri, motar ta mutu. Sawun ya nuna ta zame baya kaɗan kafin ta tsaya. Bayan salansa an yi feshin baƙi a kan fari, har yanzu da ɗan warin fetur. An yi ta murza makulli har mai ya shaƙe injin. Kowa a ƙungiyarmu ya san maganin wannan: ka buɗe bonet, ka zare fis ɗin famfon mai, ka take totur har ƙasa, ka murza har ta tofar da abin da ta sha.

Effie ta zagaya gaba. Ƙanƙarar wajen lumui take, ko ɓera bai taka ba. Ba wanda ya buɗe bonet.

Ta dawo ta bi ƙafafun. Daga ƙofar direba zuwa but, ma'ajiyar kaya ta bayan motar, suka dawo. Suka sake komawa but, suka dawo. Babu dube-dube, babu tsayawa. Mai su ya san inda za shi.

Sai wata yamma ta watan Yuni ta faɗo mata. Ta kai musu burodi da cuku a sito. Torquil na kwance rabinsa a cikin but, wayar wuta a baki, Struan na haska masa tocila yana dariya. Makunni suke sa wa famfon mai, don a huta da zare fis. Struan ya ƙi yarda a huda gaban motar, shi ya sa suka ɓoye shi a ƙarƙashin shimfiɗar but. "Kar ki gaya wa Radek mun taɓa masa wayoyi," in ji Struan, "sai ya yi wata bai gaishe ni ba." Ranar ce Torquil ya fito da baƙin mai a hanci ya tambaye ta ko za ta aure shi.

Ta zauna a kan kututture, ta buɗe gorar shayin da ya ba ta. Har yanzu da zafi. Ya sa mata zuma, yadda take so. Ta kasa sha. Ta fito da waya ta ɗauki hoton sawun, gaba da baya.

* * *

A tsohuwar rumfar tumaki da ke saman kwari ta sami Yuki. An tare tayoyinta da duwatsu, ba a ja birkin hannu ba don kar ya kama. An sauke gilashi faɗin yatsa don iska ta riƙa shiga. Effie ta ɗora hannu a kan bonet. Ya huce.

"Na ce kar ki hau."

Torquil ne a bakin rumfar, yana haki. A bayansa ƙanƙara ta fara sauka, manya-manya, ba sauti.

"Makullin sito fa?" ta tambaya.

"Struan ya yanka min nawa tun shekarar farko. Kowa ya manta." Ya shigo, ya tsaya ɗaya gefen motar. "Sau uku na roƙi Ishbel. Ta ce in ta ba ni, kullum za ta riƙa jin ta tana wucewa ta ƙofar gidanta. Effie, hannun yayana ne a cikin injin nan. Kowace ƙusa shi ya ɗaure. Kayansa ta kyautar, gadonsa ta fitar. Wannan kaɗai ya rage. Mutumin zai zare shi ya jefa a bayan shago."

"Na sani."

"To ki ba ni rabin awa. Dubi sama. Rabin awa, komai ya shafe. Ki ce sawu ya ɓace miki a wajen gada. Wa zai musa miki?"

"Radek fa?"

"Ba su da komai a kansa. Za su sake shi."

"'Yan sanda za su sake shi. Dalmorie fa, za ta sake shi?" Hawaye ya zubo mata, ba ta share ba. "Da satar ce kawai, Torquil, wallahi da na taya ka ɗaukar bokitin. Amma aka tambaye ka a gaban mutane, ka ce a tambayi masu makulli. Mutumin da ya ɗauki gawar yayanka tare da kai."

"Ban san abin da nake faɗa ba."

"To sauka ka faɗi wanda ka sani. Da bakinka. Zan yi shiru har ƙarfe uku."

"In na faɗa, yau za a tafi da ita."

"Eh."

"In ban faɗa ba fa?"

Ta zagaya ta gefensa ta fita. Ya kira sunanta sau ɗaya. Ba ta waiwaya ba, don ta san in ta ga fuskarsa za ta ba shi rabin awan, ta ƙara masa da rayuwarta.

* * *

Ƙarfe uku saura minti goma, haske ya fara janyewa. Mun cika siton, mutum goma sha huɗu, muna tsaye tsakanin motoci masu mayafi kamar a ɗakin gawa. Mutumin Glasgow ya bugo ya ce yana hanya. Ishbel na zaune a kan benci, waya a cinyarta. Radek ya zo sanye da rigarsa ta zuwa coci, ya tsaya shi kaɗai, an bar fili a kewayensa. Torquil ne ya shigo ƙarshe, ya jingina da bango.

"To, 'yar farauta," in ji Murdo. "Barewarki ta kuɓuce?"

"Tambaya ɗaya gare ni," in ji Effie. "Murdo, a ce Yuki ta mutu maka a hawa, mai ya shaƙe ta. Ya za ka yi?"

"Wannan ai ko tunkiyata ta sani. In buɗe bonet in zare fis."

"Radek?"

"Haka. Akwatin fis ɗin na gefen batir, ni na mayar da shi can. In ta ƙi, in kwance fulogi in busar."

"Akwai wata hanya?"

"A motar da na jera wa wayoyi? Babu."

Ta bi mu ɗaya bayan ɗaya, amsa ɗaya muka bayar. Sai ta juya ga bango.

"Torquil?"

Ya ɗaga ido ya dube ta. Duk wanda ya ga wannan kallo ba zai manta ba. Roƙo ne tsantsa, irin na mai nutsewa. Leɓensa ya motsa. Muka jira. Iska na kaɗa kwanon rufi. Ya sunkuyar da kai.

Ishbel ta dubi agogo, ta ɗauki waya.

"Ajiye, Ishbel," in ji Effie. Muryarta ta fito a bushe. "Motar na rumfar tumaki ta saman kwari, lafiyarta lau. Ta mutu a hawa, amma wanda ya tayar da ita bai je gaba ba. But ya je, sau biyu. Ga hoto. Akwai makunnin famfo a ɓoye a ƙarƙashin shimfiɗa. Mutum uku ne suka san da shi. Ɗaya na maƙabarta. Ɗaya ni ce." Ta juya wajen bango. "Torquil ne ya ɗauke ta."

"Makunni?" in ji Radek, kamar mai magana cikin barci. "A wayoyina?"

Ishbel ta zuba wa ƙanen mijinta ido. Ba ta yi ihu ba. Ta kife wayar a kan benci, ta rufe fuska da dogayen hannuwan rigar.

Torquil ya taso daga bango. Da ya zo daidai Effie ya tsaya. "Rabin awa na roƙe ki," ya ce, ya fita. Ƙofa ta daɗe tana lilo. Effie ta tsaya inda take, ta juya wa ƙofar baya, ba ta duba ta ga inda sawunsa ya nufa ba.

Murdo ya yi gyaran murya, ya sosa ƙeya.

"To, Radek. Ka san halin tsufa, baki ya fi kai sauri. Mu je gida, ina da kwalbar da nake ɓoyo tun bikin 'yata. Litinin ma zan kawo maka Datsun, kulocinta na min wasa."

"Ni ma zan dawo da tawa," wani ya ce daga baya. "Dama wucewa kawai na yi na ɗauke ta."

Radek ya bi mu da kallo, fuska bayan fuska. Babu motar da ke cikin siton nan da bai kwanta a ƙarƙashinta ba. Ba wanda ya iya haɗa ido da shi.

"Da safe, sa'ad da ake faɗin sunana, ku nawa ne a nan?" ya tambaya. "Duk kuna nan. Mutum ɗaya ce ta sunkuya ta dubi ƙasa." Ya je gaban Effie, ya kama hannunta da hannu biyu. "Na gode, 'yar'uwa. Na ga abin da ya ci miki. Ki yafe min, don duk da haka ba zai sa in zauna ba."

"Radek, kar ka yi," ta ce. "Don Allah."

Ya saki hannunta, ya ɓalla maɓallin rigarsa na sama, ya ɗaga murya yadda na can baya ma zai ji.

"Ku nemi wani bakaniken. Ƙarshen wata zan rufe garejin. Ni da Halina mun tashi daga Dalmorie."